Wayarka ta ce rana za a yi, shi kuwa tafki bai san da zancen ba

Da zarar damina ta kankama sai hotuna su cika Instagram da TikTok. Ciyawa ta yi kore shar, ruwa ya kawo iya wuya a madatsai, samari da 'yan mata sun jeru cikin ƙaramin jirgi a tafkin Jabi na Abuja ko a kwale-kwalen masunta a Tiga, kowa da baƙin gilashi, wani har ya miƙe tsaye a goshin jirgi ya baza hannuwa. Tambayi wanda ya shirya fitar ko ya duba yanayi, nan take zai zaro waya ya nuna maka hoton rana da ɗan gajimare a gefenta, a ƙasa an rubuta kashi 20 ko 30 cikin ɗari. A wurinsa magana ta ƙare, waya ta ba da izini.

To wannan ɗan hoton ranar shi nake so mu tattauna a kai, domin a kan tudu idan ya yi maka ƙarya iyakarta ka jiƙe, ka fake a shagon mai shayi. A tsakiyar tafki babu shagon mai shayi.

Bari mu fara da ƙasar da ta fi kowa kayan aikin hasashen yanayi. Ranar 19 ga Yulin 2018, tsakiyar lokacin zafi a Amurka, wani jirgin 'yan yawon buɗe ido ya shiga tafkin Table Rock da ke kusa da garin Branson a jihar Missouri. Irin jiragen nan ne da aka ƙera wa sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu, masu tafiya a kan titi kamar mota su kuma faɗa ruwa su yi iyo, shi ya sa ake ce musu agwagwa. Mutum 31 ne a ciki. Lokacin da ya shiga ruwa, wajen ƙarfe 6:55 na yamma, tafkin a kwance yake lumui. Bayan kamar minti biyar iska ta sauko, ruwa ya fara tumbatsa yana faɗowa cikin jirgin. Kafin ƙarfe 7:10 ya nutse. Mutum 17 suka rasu, tara daga cikinsu 'yan gida ɗaya. An auna ƙarfin iskar a kusa da wurin ya kai kusan kilomita 117 cikin sa'a, alhali ƙa'idar jirgin ita ce kada ya shiga ruwa idan iska ta haura kilomita 56. Mutanen da ke cikin wani babban jirgi a bakin gaɓa sun ɗauki bidiyon abin da wayoyinsu, har yanzu yana yawo a intanet. Ban ba ka shawarar ka kalla da dare ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a labarin shi ne, a wannan ranar hasashe bai yi ƙarya ba. Tun kafin azahar hukumar yanayi ta ƙasar ta ce a yi hattara, ƙarfe 6:32 kuma ta fitar da gargaɗin hadari mai ƙarfi ga yankin, wato minti 23 kafin jirgin ya taɓa ruwa. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, a rahotonta na 2020, ta ɗora alhakin a kan ci gaba da kai mutane ruwa bayan gargaɗi ya fito. Har ma an ce wa ma'aikatan jirgin su fara da ɓangaren ruwa kafin zagayen gari, don a riga hadarin. Aka yi tsere da iska, iska ta ci.

Idan haka ta faru a inda ake da na'urar rada mai ganin hadari minti bayan minti, ina ga mu?

Kafin mu zo gida, ya kamata a san daga ina lambar da ke wayarka take fitowa. Ba wani ne zaune a Kano ko Minna yake leƙa sama yana turo maka ba. Yawancin manhajojin nan suna ɗauko bayani ne daga manyan kwamfutocin cibiyoyin hasashe na Turai da Amurka. Su kuma waɗannan kwamfutoci suna yanka sararin duniya gida-gida kamar ramukan dara, kowane gida faɗinsa kilomita 9 zuwa 13 ko makamancin haka, sai su lissafa zafi da laima da iska na kowane gida. Ga babban sauyin yanayi mai faɗin ɗaruruwan kilomita, irin wanda ke kawo wa Turawa ruwan hunturu, wannan lissafi yana aiki sosai, ana ganinsa tun saura kwana huɗu ko biyar. Amma hadarin lokacin zafi wani abu ne daban. Rana ce ke gasa ƙasa, iska mai ɗumi da laima ta yi sama, gajimare ya tashi kamar hasumiya. Zai iya haɗuwa, ya zubar, ya watse cikin sa'a guda, faɗinsa kuma wani lokacin bai fi gidan darar nan ɗaya ba. Kwamfuta tana iya cewa yau akwai kayan haɗin hadari a wannan yanki. A kan wane ƙauye zai tashi, da ƙarfe nawa, nan ne take lalube. Wadda ta taɓa tuƙa tuwo ta san talge zai tafasa, amma ba ta isa ta nuna gefen tukunyar da kumfar farko za ta ɓullo ba.

Shi ya sa kashi 30 ɗin nan ba ya nufin yayyafi kaɗan za a yi. Abin da yake nufi shi ne, cikin ranaku goma masu kama da yau, uku ana samun ruwa a wurin. Bai gaya maka ƙarfin ruwan ba. Mafi muhimmanci, bai ce komai game da iska ba, ita kuwa iska ita ke kifar da jirgi, ba ɗigon ruwa ba. Mutum nawa ne a cikinmu ke gangarawa ƙasan manhajar su duba inda aka rubuta ƙarfin iska? Kuma ko ka duba, matsakaicin ƙarfinta za ka fi gani, ba bugun nan na farat ɗaya da ke zuwa a gaban hadari ba.

A yankinmu abin ya fi haka muni, kuma ba zargi ba ne, an gwada. A 2018 wasu masana na cibiyar fasaha ta Karlsruhe a Jamus sun auna hasashen ruwan sama na manyan cibiyoyin duniya a kan arewacin Afirka mai zafi, wanda ya haɗa da yankin Sahel. Suka gano cewa hasashen, yadda yake fitowa daga kwamfuta, bai fi mutum ya duba tarihin shekarun baya ya ce “a irin wannan rana yawanci kaza ake yi” ba. Ko bayan an yi masa gyaran lissafi, da ƙyar yake ɗara wancan. Wato a kan ruwan gobe, kakarka da ta shekara saba'in tana ganin damina a gari ɗaya ba ta da nisa da manhajar da kake taƙama da ita. Dalili ɗaya shi ne ƙarancin idanu a ƙasa: wani rubutu da mujallar Nature ta buga a 2023 ya ce Amurka da Tarayyar Turai suna da tashoshin rada 636, Afirka gaba ɗayanta 37. Kwamfutar da ba a ba ta sahihin bayanin yanzu ba, da me za ta san anjima?

Ba wai hukumar NiMet ba ta aiki ba ne. Tana fitar da hasashen kwana uku, kuma sau da yawa takan dace idan ta ce za a yi tsawa da iska. Amma ka lura da lafazinta: “wasu sassan” jihohin Kebbi da Neja da Kaduna, “da yamma ko da dare”. Gaskiya ta faɗa, iya abin da kimiyya ta ba ta ke nan. Sai dai jihar Neja kaɗai ta fi wasu ƙasashe girma, kai kuma tambayarka ita ce ko za ka iya ƙetare ruwa tsakanin huɗu da biyar.

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san hadarin da ake tsoro daga gabas yake tasowa. Masana ma haka suka tabbatar: manyan hadarurrukan damina a Afirka ta Yamma suna jeruwa ne kamar katanga, wani lokacin tsawon ɗaruruwan kilomita, su nufo yamma da gudun da kan kai kilomita 50 zuwa 60 cikin sa'a. Su ke kawo mafi yawan ruwan da Sahel ke samu a shekara, don haka manomi addu'arsu yake yi. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa mafiya ƙarfi daga cikinsu sun ninka sau uku tun daga 1982. Kuma duk mun san yadda suke isowa. Gari ya yi tsit, zafi ya dame ka, sai wata iska mai sanyi da ƙanshin ƙasa ta bugo, ƙura ta turnuƙe, kwanon rufi ya fara kuka, sannan ruwa ya biyo baya. Iskar ce ke gaba. Mai jiran ya ji ɗigo a fatarsa kafin ya juya jirgi, ya makara tun ɗazu.

Mu yi ɗan lissafi, ba mai wahala ba. Ƙarar tsawa tana cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku. Idan ka ga walƙiya ka ƙirga 30 kafin ka ji rugugi, hadarin yana nesa da kai da kilomita 10. Kamar da nisa, ko? Da gudun kilomita 50 cikin sa'a, minti 12 ne tsakaninku, kuma iskar gabansa za ta riga shi isowa. Mai tuƙa kwale-kwale da filafili, ko ƙaƙƙarfa ne, kilomita huɗu zuwa biyar yake yi cikin sa'a. Cikin minti 12 ɗin nan da ƙyar ya ci kilomita ɗaya. A Jabi wannan zai iya kai ka gaɓa. A tafkin Kainji, wanda aka samar bayan kammala madatsar a 1968, faɗin ruwa a wani wuri ya haura kilomita 20. Idan kana tsakiya, ko da inji kake sai ka yi da gaske, balle injin ya ce bai san zance ba, abin da injinan nan suka ƙware a kai.

Mutane suna raina tafki saboda ba teku ba ne. Amma iska idan ta samu fili mai faɗi babu bishiya babu gini, tana tara igiyar ruwa nan da nan, kuma igiyar tafki gajera ce, a tsaye, tana zuwa kusa da kusa. Kafin jirgi ya sauko daga ta farko ta biyu ta mare shi a gefe. A Kainji akwai ƙarin matsala, kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun lokacin da aka cika tafkin suna nan a ƙasa, kuma idan ruwa ya hargitse matuƙi ba ya ganin alamarsu. Ga walƙiya: a kan shimfiɗaɗɗen ruwa kai ne abu mafi tsawo, musamman idan ka ɗaga sandar ɗaukar hoto.

A nan dole in faɗi abin da kowa ya sani. Yawancin haɗurran jiragen ruwanmu ba sa ma jiran hadari. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke hanyar zuwa Maulidi. Damina ta wuce a lokacin, lodi ne ya yi yawa. Allah Ya jiƙansu. To jirgin da aka danƙare har bakinsa ya rage taƙi ɗaya ya sha ruwa a ranar da iska ba ta motsi, ka ƙiyasta shi da La'asar ɗin watan Agusta.

Inda wannan matsala ta fi cin rayuka a Afirka shi ne tafkin Biktoriya, tsakanin Yuganda da Tanzaniya da Kenya, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 68,800. Shi wannan saboda girmansa yanayin kansa yake ƙerawa. Da rana ƙasa ta fi ruwa zafi, sai hadari ya taru a kan tudu. Da dare ƙasa ta huce, ruwa ya riƙe ɗuminsa, iska ta taso daga kowace gaɓa ta haɗu a tsakiya ta yi sama, sai hadari ya tashi a kan tafkin. Daren kuwa shi ne lokacin da masunta ke fita da fitilu kamun ƙananan kifi. Masunta kusan 200,000 ne ke cin abinci a tafkin, kuma ƙungiyar agaji ta Red Cross ta taɓa ƙiyasta cewa mutum 3,000 zuwa 5,000 ke mutuwa a cikinsa duk shekara.

Abin da aka yi a can ya dace mu duba. Daga 2017 zuwa 2021 Hukumar Yanayi ta Duniya da hukumomin ƙasashen yankin sun gudanar da wani shiri mai suna HIGHWAY. Ba su tsaya jiran ranar da kwamfuta za ta san gobe daidai ba. Suka mai da hankali ga hasashen 'yan sa'o'i masu zuwa, na tafkin shi kansa, ana sabunta shi a cikin yini, a watsa ta rediyo da harsunan masunta da saƙon waya, a kafa tutoci masu launi da alluna a mashigai. Masana sun kuma lura cewa idan hadarin la'asar ya yi ƙarfi a kan tudun da ke kewaye, akwai yiwuwar na dare ya yi tsanani a kan ruwa, ga shi tauraron ɗan'adam yana ganin na la'asar ɗin ƙuru-ƙuru. Hukumar ta ce mace-macen da yanayi ke jawowa a tafkin sun ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari.

Mu da ke karantar aikin jarida, tun aji ɗaya ake nanata mana cewa saƙon da bai isa ga mai shi ba, ba a aika shi ba. Hasashen da aka wallafa da Turanci a shafin X bai isa ga dattijon da ke tuƙa jirgi daga Yawuri ba. A tafkin Konstans, tsakanin Jamus da Ostiriya da Suwizalan, fitilu ne masu ruwan lemo aka kafa a gaɓa. Idan suna ƙiftawa sau 40 a minti, iska mai ƙarfi na tafe. Idan sau 90 ne, guguwa ce, kowa ya nemi gaɓa. Ba ka buƙatar data, ba ka buƙatar iya karatu, ba ka buƙatar jin Jamusanci. A ganina wannan ya fi manhaja goma.

Kafin mu samu irin haka, wanda ya fi kowa sanin ruwan shi ne matuƙin, kuma ni na fi yarda da idonsa a kan wayata. Sai dai shi ma ɗan'adam ne, kuɗin cefane yake nema. Idan ya dubi gabas ya yi shiru, ya ce a dakata, sai ka ji fasinja sun taso masa: mun biya, daga nesa muka zo, baba kai dai tsoro gare ka, ga waya ta ce ba ruwa. Wallahi wannan matsin lambar tana daga cikin abin da ke tura jirage cikin hadari. Idan mai jirgi ya ce a'a, kar ka zama mai gardama. Idan kuma shi ne ke cewa “za mu riga shi” alhali kana jin rugugi, kai ka ce a'a, ka bar masa kuɗin. Wasu za su ce ai kwana idan ya ƙare ya ƙare. Haka ne, amma da wannan hujjar babu wanda ke tsallaka titin Zariya ido a rufe.

Sai rigar kariya, wadda 'yan gayu ke cirewa wai tana ɓata hoto. Hukumar NIWA ta ce ba riga ba shiga jirgi, ta kuma hana tafiyar dare, amma kowa ya san yadda dokar take a mashigai da yawa. Riga a jiki take amfani, a ɗaure, ba a ƙarƙashin benci ba. Ba a saka ta a cikin ruwa, ga firgici ga igiya na dukan fuska. Ka ɗaure ka sa wani ya ja kafaɗunta sama, idan ta haye har kunnuwanka ta yi maka yawa. Iya iyo a kududdufin unguwa ko wurin wankan otal ba shi ne iyo da shadda ko abaya a jiƙe ba. Idan jirgin mai rumfa ne, tun kafin a tashi ka san ta inda za ka fita, domin a Table Rock rumfar jirgin da labulayen gefensa sun tare wa mutane hanya lokacin da yake nutsewa.

Idan kuma iskar ta riske ku a ciki, kowa ya zauna ƙasa-ƙasa a tsakiya, kada a ruga gefe ɗaya, wanda ke da kwano ko roba ya kama kwarfar ruwa. Gaɓar da ta fi kusa ake nufa, ko da ba nan aka bar mota ba. Jirgi in ya kife bai nutse ba, a riƙe shi, ya fi kan mutum saurin ganuwa ga masu ceto.

Lokacin fita ma abin dubawa ne. Hasken da masu ɗaukar hoto suka fi so, na bayan La'asar zuwa faɗuwar rana, shi ne daidai lokacin da zafin yini ya gama dafa sama. Safiya ta fi sauƙi, duk da ba ta da garanti, don manyan hadarurrukan nan sukan kwana suna tafiya su iso da asuba. Akwai manhajojin da ke nuna hoton gajimare na tauraron ɗan'adam kusan kai tsaye. Ka buɗe ka dubi gabas da inda kake. Idan ka ga wani farin dunƙule yana kumbura yana matsowa, wannan ba hasashe ba ne, abin da ke faruwa ne yanzu.

Irin wannan kallon shi ya kamata a ce ana yi wa mashigan Kainji da Shiroro da Tiga a hukumance. Kayan aikin ba su da tsada: tuta ja da tuta kore a kan dogon ƙarfe, lasifikar masallacin bakin ruwa, saƙon murya na Hausa ko Nufanci a WhatsApp zuwa ga sarkin ruwa da shugaban masu jirage. Hoton tauraron ɗan'adam yana nan, ana sabunta shi duk bayan 'yan mintuna. Abin da ya rage shi ne a ɗora wa wani takamaiman ma'aikaci alhakin kallonsa, da lambar mashiga a hannunsa, ya kira kafin jirgin La'asar ya tashi.